Yadda Ake Fara Tara Wuƙaƙen Aljihu na Gargajiya

Mai tara wuƙaƙen aljihu ba ɗan daba ba ne, ko da yake sai ka sha yi wa mutanen gida wannan bayani kafin hankalinsu ya kwanta. Waɗanda ake magana a kai su ne ƙananan wuƙaƙen nan masu ninkewa, da manoma da makiyaya da ma'aikatan jirgin ruwa na Turai da Amurka suka shafe sama da shekara ɗari suna jefawa a aljihu don yanka burodi, fiƙe sanda ko datse igiya. Kowace da garinsu, da maƙeranta, da tambarin da aka buga mata a gindin ruwa. Iya karanta wannan tambari shi ne rabin harkar, kuma kafin ka iya shi, duk kuɗin da ka kashe kusan na koyo ne.

Mataki na farko: ka tsaya a gida ɗaya

Sabon shiga yakan sayi duk abin da ya yi masa ƙyalli, bayan wata shida ya tarar da akwati cike da tarkacen da babu mai alaƙa da wani. Ka zaɓi kamfani ɗaya, ko gari ɗaya, ko siffa ɗaya, ka san ta ciki da bai.

Da za a tambaye ni, da Opinel zan ce a fara. Joseph Opinel ya soma ƙera ta a 1890 a yankin Savoie na Faransa, a 1897 kuma ya fitar da ita girma-girma har goma sha biyu, daga lamba 1 zuwa 12. Daga baya an daina yin lamba 1 da lamba 11, shi ya sa masu tarawa ke farautarsu. Mariƙinta katako ne, ruwanta siriri, ba ta da tsada, kuma jerin lambobin kansa yana nuna maka abin da ya rage ka nema. Lamba 8, mai ruwa santimita 8.5, ita ce aka fi sani.

Wanda yake son abin da ya taɓa nahiyarmu, ga Douk-Douk da Okapi. Kamfanin Cognet na garin Thiers a Faransa ne ya fito da Douk-Douk a 1929, da nufin sayarwa a tsibiran Melanesiya da ke tekun Pasifik, shi ya sa aka zana wani dodonsu a jikin mariƙin ƙarfen. Can ba ta karɓu ba, sai a Arewacin Afirka ta yi kasuwa. Saboda ƙasashen Musulmi, inda hoton dodo ba zai yi daɗi ba, aka yi mata ƙanwa mai suna El Baraka, wadda aka zana wa alamar nan ta Agadas da maƙeran Buzaye ke ƙerawa da azurfa. Ita kuwa Okapi a Solingen ta Jamus aka fara ta a 1902 domin kasuwannin Afirka, a 1988 aikinta ya koma Afirka ta Kudu. Tana da ɗan zobe a gadon baya, sai ka ja shi take ninkewa.

Akwai kuma Case ta garin Bradford a Amurka, da Victorinox ta Suwizalan, da tsofaffin wuƙaƙen Sheffield ta Ingila, da Higonokami ta garin Miki a Japan. Duk suna nan suna jiranka, kada ka yi gaggawa.

Mataki na biyu: koyi karanta tambari

A nan ya kamata ka daɗe. Buɗe wuƙar, ka dubi gindin ruwan, daidai inda ya shiga mariƙi. Ka tanadi ɗan gilashin ƙara girma, ko ka ɗauki hoto da waya ka buɗa shi.

A Opinel za ka ga hannu, yatsu uku a miƙe, da kambi a samansa. Tun 1909 take ɗauke da wannan alama. Sai ka duba zoben ƙarfen da ake murzawa a wuyanta don kulle ruwa. Marcel Opinel ne ya ƙirƙiro shi a 1955, don haka babbar Opinel da ba ta da shi tana iya zama ta kafin wannan shekara. Amma a kula, ƙanana daga lamba 2 zuwa 5 har gobe ba a sa musu shi. In kuwa zoben yana kulle ruwan ko da wuƙar a ninke take, to ba ta girmi shekarar 2000 ba, komai dattin da ke jikinta da komai rantsuwar mai sayarwa.

Case ta fi kowa sauƙaƙa wa masu tarawa. A 1970 ta buga ɗigo goma a ƙarƙashin tambarinta, kowace shekara tana cire ɗaya. Ɗigo bakwai ke nan 1973, ɗigo ɗaya 1979. A 1980 aka sake sabon zagaye da wani salon rubutun, don haka ƙirga ɗigo kaɗai bai isa ba, sai ka haɗa da siffar haruffan. Tana kuma buga lambar samfuri: a 6254, shida na nufin mariƙin ƙashi ne ko na roba mai zane irin na ƙashi, biyu ruwa biyu, 54 kuma samfurin da suke kira Trapper. 

Okapi mai ɗauke da sunan Jamus ta girmi mai sunan Afirka ta Kudu, wannan a fili yake.

Wadda ke cin kuɗin mutane ita ce Laguiole. Sunan wani ƙauye ne a kudancin Faransa inda aka fara wannan siffa a wajajen 1829, ba sunan kamfani ba, don haka an daɗe kowa na buga shi a wuƙarsa. Kasuwa cike take da na Sin da Pakistan, da ɗan ƙudan zuman da aka san Laguiole da shi a gadon baya da komai. Ƙudan ba shaida ba ne. Nemi sunan maƙerin da garinsa, ko Laguiole ɗin kanta ko Thiers. In babu, kuma farashin bai wuce na kwanon shinkafa ba, ka san abin da ka riƙe.

Mataki na uku: gwada ta a hannu

Buɗe ta a hankali, ka rufe, kana saurare. Wuƙa mai lafiyayyen sifirin takan ba da ƙas mai tsabta a buɗewa da rufewa. Wadda ta gaji sai ta tafi laƙwas. Sannan ka kama bayan ruwan da yatsu biyu, ka girgiza hagu da dama, bai kamata ya yi rawa ba. Ninke ta ka shafa yatsa a hankali ta wajen tsinin. In tsinin ya leƙo waje, an wasa ta har ruwan ya cinye, kuma wata rana za ta yaga maka aljihu ko yatsa. Duba kewayen ƙusoshin mariƙi, nan ne ƙashi da ƙaho ke fara tsagewa.

Baƙi-baƙin da ke kwanciya a ruwan ƙarfen da ba a gauraya da maganin tsatsa ba, wannan ba aibi ba ne, yana ma kare shi. Jan tsatsa mai cin rami shi ne abin gudu.

Mataki na huɗu: saye

Fara da sabuwa guda ɗaya daga dillalin da ka amince da shi, don hannunka ya san yadda ta gaske take. Bayan nan sai tsofaffi: wurin 'yan gwangwan, masu kayan gwanjo, da tsohuwar adakar kakanni, in an ba ka izini. A intanet kada ka biya sai an turo maka hoton tambari kusa-kusa, da na wuƙar a ninke ta sama. Mai sayarwar da ke ta kwana-kwana a kan hoton tambari, bar masa kayansa.

Mataki na biyar: goge ta, amma ka ji tsoron Allah

Wuƙar farko da na tsinta a tiren wani mai tsofaffin makullai, baƙa ƙirin take da datti. Ina isa gida na samu sanfefa na hau gurza, sai da ta yi fes kamar madubi. Da na kai ta haske sai na ga rabin sunan maƙerin ya bi sanfefar, saura haruffa uku da ba su kai ni ko'ina ba. Har yanzu tana nan, ina fere mangwaro da ita, ban san 'yar ina ba ce.

Abin da ya kamata in yi kaɗan ne. Tsohon buroshin haƙori da tsinken sakace don fitar da dattin ciki, ɗigon man keken ɗinki a mahaɗa, a buɗe a rufe har baƙin ruwan ya daina fitowa, a share da tsumma. Jan tsatsa a jiƙa shi da mai ya kwana, a kankare da wani abu mai laushi kamar tagulla. Kada ka kai ta wurin mai injin wasa wuƙa na kasuwa, minti ɗaya zai cinye abin da shekara hamsin ba ta ci ba. Man gyaɗa kuma yakan daskare ya yi danƙo a mahaɗa, a bar shi a kicin. Wadda za ka riƙa yanka abinci da ita, ka goge man keken tas daga ruwanta tukuna.

Mataki na shida: ajiya

Yanayinmu yana gwada wuƙa ta fuska biyu. Da damina katakon Opinel yakan kumbura ya riƙe ruwa gam. Mutanen Savoie sukan buga ƙarshen mariƙin a kan tebur sai ruwan ya ɗan leƙo, a kama a buɗe. Da hunturu kuma katako da ƙaho su bushe su tsuke, wani lokaci har su tsage, don haka a nisanta su da rana da cikin mota. Kada ka bar wuƙa ta daɗe a kuben fata, fata tana riƙe laima. Aljihun tebur da aka shimfiɗa wa yadi ya isa, ka jefa 'yan ƙullin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi. Tsofaffin wuƙaƙe masu mariƙin robar da ake kira seluloyid a ware su daban, domin in ta fara ruɓewa takan fitar da iskar da ke sa duk ƙarfen da ke kusa tsatsa. A sa makulli saboda yara.

Ka sayi ɗan littafi, kowace wuƙa da shafinta: inda ka samo ta, ranar, nawa ka biya, abin da tambarin ya ce, da abin da kake zato. Zaton ka rubuta shi da fensir.

Sai batun fita da ita. A Ingila doka ta yarda mutum ya riƙe mai ninkewa in ruwanta bai wuce inci 3 ba kuma ba ta kullewa, ka ga Opinel mai zobe ta faɗa cikin waɗanda sai da dalili. A filin jirgi, cikin babbar jakar da ake aunawa ake sa ta, in ba haka ba kana iya bar wa jami'an bincike tsaraba. A titunanmu kuwa, bayanin tarihin Savoie ba zai yi maka amfani a shingen 'yan sanda da ƙarfe goma na dare ba, don haka nawa a gida suke kwana.