Yadda ake mayar da aikin takardar shaidar asali zuwa kwamfuta a ƙaramar hukuma

Duk lokacin da aka buɗe ɗaukar sojoji ko 'yan sanda, ko jami'o'i suka fara tantance sababbin ɗalibai, sakatariyar ƙaramar hukuma takan cika maƙil da matasa masu neman takardar shaidar asali. Wani ya taso daga ƙauye tun asuba, ya kashe kuɗin mota, sai a ce masa mai sa hannu bai fito ba, ko ba a ga rajistar da sunansa yake ciki ba, ya dawo gobe. Da wannan aikin nake ba kowace ƙaramar hukuma shawarar ta fara idan tana son komawa aiki da kwamfuta. Bai da girma, kowa ya san shi, kuma jama'a za su ga canjin da idonsu. Kada a haɗa shi da albashi da harajin kasuwa da filaye a lokaci guda. A gama ɗaya tukuna.

Abin da na sha gani shi ne a ba da kwangila, a sauke kwamfutoci a kwali, a kira 'yan jarida a ɗauki hoto. Kafin shekara ta zagayo ƙurar hunturu ta lulluɓe su, akawu ya koma kan tsohuwar rajistarsa. Dalilin kusan ɗaya ne a ko'ina: an fara da sayen kaya kafin a san aikin da kayan za su yi. Saboda haka matakin farko ba ya cin ko sisi.

Ɗauki littafi da biro, ka bi mai neman takarda guda ɗaya tun daga bakin ƙofa har ya fita da ita a hannu. Rubuta kowane tebur da ya tsaya: wasiƙar mai unguwa, sa hannun dagaci, na hakimi, wurin biyan kuɗi, wurin cike fom, wurin liƙa hoto, wurin buga hatimi, sannan sa hannun ƙarshe. A kan kowanne ka tambayi kanka, idan aka cire wannan me zai lalace? Za ka tarar ana rubuta sunan mutum ɗaya a littattafai uku, kuma babu mai duba biyu daga ciki. Waɗannan a soke su tun a takarda. Amma shaidar mai unguwa da dagaci, ni a ganina ba a taɓa ta. Kwamfuta ba ta san gidan da aka haifi kakan mutum ba, mai unguwa ya sani.

Daga nan sai ka zauna da akawun da ya fi kowa daɗewa a ofishin, ku tsara abubuwan da za a riƙa rubutawa game da kowane mutum. Suna, sunan uba, sunan kaka ko na dangi, ranar haihuwa, mazaɓa, gari ko unguwa, sunan mai unguwar da ya shaida, lambar waya, lambar NIN (wato lambar shaidar ɗan ƙasa), lambar rasit, da lambar takardar da aka ba shi. Kowanne da gurbinsa daban. Kada ka yarda a cusa suna uku a gurbi ɗaya, za ka yi kuka da shi ranar nema. Kada kuma a tara abin da ba a buƙata, kamar lambar asusun banki ko BVN. Babu ruwan takardar asali da su.

Yanzu ga wurin da aikin yake rushewa, kuma a nan zan daɗe: sunaye da ranakun haihuwa.

Akawu da ya shekara ashirin a ofis ya san cewa Muhammad da Mohammed da Muhammadu da Moh'd da Mamman duk suna iya zama mutum ɗaya. Ya san Garba da Habu da Bukar Abubakar ne, ya san Indo A'isha ce. Kwamfuta ba ta san haka ba. A wurinta Aisha daban, A'isha daban, Aishatu daban. Idan ka rubuta Ɗanjuma da ɗ mai lanƙwasa, gobe wani ya nemi Danjuma, tana iya ce masa babu. Sai a sake yi wa mutumin sabuwar rajista, ya zama mutum biyu ko uku a cikin ma'ajiyar bayanan kwamfutar, kowanne da lambarsa. Daga ranar da ma'aikata suka nemi suna suka rasa alhali sun san yana ciki, sun daina yarda da na'urar ke nan, kuma maido da yardarsu ya fi sayen na'urar wuya.

Ga ƙa'idar da nake bi, kuma ba na sassautawa a kanta. Sunan da ke jikin takardar NIN ta mutum shi ake kwafa, harafi bayan harafi, a jerin da yake, ko da mai sunan ya ce ba haka yake rubutawa ba. Dalili shi ne lambar NIN ta riga ta zama tushen komai. Tun watan Disamban 2020 aka wajabta haɗa ta da layin waya, tun 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da ita, fasfo ma da ita ake yi. Idan takardar asalin yaro ta ce Mohammed, NIN ɗinsa kuma ta ce Muhammad, to a wurin tantancewa za a dawo da shi, kuma kai ka jawo masa. In ya ce kuskuren a NIN yake, ka faɗa masa gaskiya cikin mutunci ya je hukumar NIMC mai ba da lambar NIN a gyara can, sannan ya dawo. Gyaran yana cin kuɗi da lokaci, musamman na ranar haihuwa, amma ya fi a ba shi takardar da za ta hana shi aiki nan gaba. Sai ka ƙara wani gurbi na daban mai suna "sunan da aka fi saninsa da shi". A nan za a rubuta Garba ko Indo ko Ɗanlami, da inkiyar da mai unguwa ya san shi da ita. Wannan gurbin yana da amfani ƙwarai ga mata, domin wata da sunan mahaifinta ta yi makaranta, da sunan miji kuma ta yi katin ɗan ƙasa.

Akwai kuma masu ƙara sunan garinsu a ƙarshen suna, kamar yadda muka saba tun a makarantun kwana. In yana jikin NIN a bar shi, in babu kada a ƙara don kawai ana son a nuna mutumin ɗan garin ne.

Ranar haihuwa ita ma da nata rikicin. Ka tsayar da tsari ɗaya, rana, wata, shekara, ka rubuta shi da babban rubutu ka liƙa a bangon ofis. Kwamfutoci da yawa da saitin Amurka suke zuwa, inda wata ke gaba da rana. Sai akawu ya buga 03/04/1998 yana nufin uku ga Afrilu, na'urar ta ajiye shi a matsayin huɗu ga Maris, babu wanda ya lura sai an shigar da ɗaruruwan mutane. Ka gyara saitin tun ranar farko, ka gwada da ranar 25 ga wata ka ga ko za ta karɓa. Ni na fi son a riƙa zaɓar sunan watan daga jeri, a daina buga shi da lamba gaba ɗaya.

Dattawa kuma da yawa ba su da ranar haihuwa a rubuce. Za ka ji baba ya ce yana saurayi aka canja kuɗi daga fam zuwa naira. Wannan 1973 ke nan, daga nan ana iya ƙiyasta shekara. Abin da aka saba shi ne a buga musu 1 ga Janairu. Idan haka ke jikin NIN ɗinsu a kwafa, amma a sa alama a gefe cewa ƙiyasi ne. In ba haka ba, ranar da kake neman sunayen da suka maimaitu za ka ga mutum goma masu suna Musa Ibrahim duk an haife su 1 ga Janairu, ka ɗauka mutum ɗaya ne ka goge tara.

Wani ƙaramin abu da ke ɓata aiki babba: idan da manhajar Excel ta jera bayanai da lissafi kuke aiki, yakan jefar da sifilin farko na lambar waya, 0803 ta koma 803. Ka saita gurbin waya da na NIN su zama na rubutu, ba na lissafi ba, kafin a shigar da ko mutum ɗaya. Lambar NIN lambobi 11 ce, ta waya ma 11, saboda haka ka sa gurbin ya ƙi karɓar abin da ya gaza ko ya wuce haka. Wanda ya manta lambar NIN ɗinsa yana iya danna *346# a layin wayar da ya yi rajistar NIN da shi. Kuma mutum biyu ne ke shigar da bayani: ɗaya ya buga, ɗaya ya karanta wa mai takardar da ƙarfi, "Malam, sunanka ke nan? Ranar haihuwarka ke nan?" Sai ya amsa sannan a ajiye. Wannan karatun minti ɗaya ne, amma shi ne ke kama yawancin kurakurai.

Game da tsofaffin rajistoci, kada ka fara da su. Na ga inda aka tara 'yan bautar ƙasa aka ce su kwafe littattafan shekara talatin kafin a buɗe sabon tsari. Rubutun ya dushe, gara ta ci gefen wasu shafukan, ruwan damina ya jiƙa wasu, yaran kuma ba su san sunayen garuruwan ba. Wa'adinsu ya cika suka tafi, aikin ya tsaya a tsakiya. Ka sa rana ka ce daga yau duk wanda ya zo a kwamfuta za a shigar da shi. Tsofaffin littattafan a ɗauki hoton kowane shafi da waya mai kyamara mai kyau, a kusa da taga inda akwai haske, a sa wa kowane hoto sunan littafin da shekara da lambar shafi. Wanda ya zo neman sabunta tsohuwar takarda, ranar ake shigar da shi. A hankali na baya za su shigo da kansu. Littattafan kuma a ɗaga su daga ƙasa a sa a kabad na ƙarfe, ba a jefar da su.

Sai yanzu za a yi maganar saye. Kwamfutar tafi-da-gidanka biyu sun isa a fara, domin in aka ɗauke wuta batirinta zai riƙe aikin da ake kai. Babbar kwamfutar tebur ba ta dace da garin da wuta ke wuni ba ta zo ba. Kuɗin da za a kashe wa man janareto gara a sayi farantin sola da batir da inbata daidai ƙarfin kwamfuta biyu da firinta. A wurin firinta kuma, ka tambayi kuɗin tawadarta da inda ake samunta kafin ka tambayi kuɗinta, don da yawa suna da arha a saye amma tawadar ce ke kayar da ofis. Idan intanet ba ta da ƙarfi a garin, akwai manhajoji irin su KoboToolbox da ake cike fom a kansu babu intanet, su tura bayanin daga baya idan sabis ya samu. Babu buƙatar a biya ɗan kwangila miliyoyi ya gina sabuwar manhaja tun ba a gwada aikin ba. In har za a ɗauko shi daga baya, a rubuta a yarjejeniya cewa bayanan da kalmomin sirri mallakar ƙaramar hukuma ne. Akwai ofisoshin da suka saɓa da ɗan kwangila ya tafi da komai.

Kuɗin takarda kada ya bi ta hannun ma'aikaci. A liƙa farashin a bakin ƙofa da Hausa, a biya kai tsaye cikin asusun ƙaramar hukuma ta banki ko ta POS, a shigar da lambar rasit kafin takarda ta fito. Gwamnatin tarayya ta bi wannan hanyar da asusun bai ɗaya na TSA tun 2015. Ka sani a nan za ka gamu da turjiya, domin akwai masu samun na cefane a tsohon tsarin. Ka jawo ma'aji da shugaban ma'aikata tun farko, ka koyar da tsofaffin akawuna da kansu, kada ka kawo yara daga waje ka ture su gefe. Su suka san mutanen, kuma in suka ji za a raba su da aikinsu ba za su bari tsarin ya rayu ba.

Sauran a taƙaice. Kowane ma'aikaci da kalmar sirrinsa, ba a rubuta ta a takarda a liƙa a jikin kwamfuta, kuma ana sauya ta duk ranar da aka yi wa wani canjin wurin aiki. Duk ranar Juma'a kafin a tashi a kwafe bayanan a wuri biyu, ɗaya a ma'ajiyar intanet, ɗaya a na'urar ajiya da za ta kwana a wani ginin daban. Ba a tura jerin sunaye da lambobin NIN na jama'a ta WhatsApp, ba a ba ɗan siyasa su lokacin zaɓe. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kan ofisoshin gwamnati kamar yadda ta hau kan kamfanoni. Kowace takarda ta fita da lamba ta musamman da lambar wayar ofis, yadda jami'a ko rundunar soja za ta iya kira ta tabbatar ba jabu ba ce.

A watannin farko a ci gaba da rubuta rajistar takarda tare da ta kwamfuta, a riƙa gwama su a ƙarshen kowane mako. Idan suka yi wata uku a jere suna daidai, a rufe littafin. Sannan a kira dagatai da masu unguwanni a yi musu bayani, a sanar a masallatan Juma'a da ranar kasuwa cewa mai zuwa neman takarda ya taho da NIN ɗinsa da wasiƙar mai unguwa da hotonsa biyu.