Yadda za ka horar da kanka a rubuta manhaja da dabarun barikin soja

A cikin waɗanda na taɓa koya wa rubuta manhaja akwai wani tsohon soja da ya girme ni nesa ba kusa ba. Ba shi ya fi kowa saurin fahimta a ajin ba, hasali ma yakan yi tambaya ɗaya sau uku kafin abu ya zauna masa. Amma kullum da safe, kafin a fara darasi, sai ya rufe littafinsa ya sake rubuta aikin jiya daga kansa, layi bayan layi, ya kunna ya ga ko ya yi aiki. Idan ya kuskure sai ya rubuta kuskuren a wani ɗan littafi da ke aljihunsa. Wata uku da farawa, duk wanda aikinsa ya cije a ajin wurinsa yake nufa. Da na tambaye shi inda ya samo wannan ɗabi'a, ya ce mini haka aka koya musu kwance bindiga da haɗa ta, a yi ta maimaitawa har hannu ya iya ba tare da ya jira kai ba. Tun daga lokacin na sake fasalin yadda nake koyarwa, kuma abin da zan zayyana a nan shi ne tsarin da nake ba duk wanda ya ce mini yana so ya koya da kansa.

Dangantakar soja da ilimin injiniya tsohuwa ce. Makarantar École Polytechnique ta Faransa, wadda aka kafa a 1794, Napoleon ya mayar da ita ƙarƙashin tsarin soja a 1804. Makarantar hafsoshin Amurka ta West Point, da aka buɗe a 1802, ita ce makarantar injiniyoyi ta farko a ƙasar. Saboda haka aron dabara daga wurinsu ba baƙon abu ba ne. Sai dai a san abin da za a ɗauko da abin da za a bari a can, don ba duka ne ke da amfani ba.

Fara da atisaye. Zaɓi harshen rubuta manhaja ɗaya ka tsaya a kansa aƙalla wata shida. Ni Python nake ba masu farawa, don rubutunsa a fili yake kuma ba ya ɓoye maka inda ka yi kuskure. Ware minti 40 kullum, a lokaci guda da ba ya sauyawa, ka ajiye wayarka a wani ɗakin. A cikin mintunan nan ba kallon bidiyo, ba kwafo aikin wani, ba tambayar manhajar ƙirƙirarriyar basira. Kai ne da allo kawai. Ka rubuta ƙananan abubuwa: buɗe fayil ka ƙirga kalmomin cikinsa, jera sunaye bisa tsarin haruffa, fitar da lamba mafi girma a cikin jeri ba tare da amfani da abin da harshen ya tanada ba. Gobe ka goge ka sake daga farko. Jibi ma haka. Za ka gundura, kuma gundurar alama ce ta cewa hannu ya fara ɗauka. Tun makon farko ka saka Git a cikin atisayen, wato manhajar da Linus Torvalds ya rubuta a 2005 don ajiye tarihin kowane sauyi da aka yi wa aiki. Ka koyi ajiyewa, da duba bambancin jiya da yau, da komawa baya, har su zame maka jiki. Ranar da aikin mutane ya lalace a hannunka da tsakar dare ba ranar neman yadda ake komawa baya ba ce. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu na biyu na aro shi ne daga Sylvanus Thayer, wanda ya shugabanci West Point daga 1817 zuwa 1833 bayan ya je Faransa ya ga yadda ake koyarwa a can. A tsarinsa ɗalibi ne ke karanta darasi tun kafin ya shigo aji, ajin kuma ƙarami ne, kowa zai tashi gaban allo ya warware matsala ya kare amsarsa, a ba shi maki a ranar. Idan kai kaɗai kake koyo, ga yadda za ka kwaikwayi wannan: kafin ka kunna abin da ka rubuta, ɗauki takarda da biro ka bi shi layi-layi, ka rubuta abin da kake zaton zai fito. Sannan ka kunna. Idan zatonka da abin da ya fito sun saɓa, to a nan karatunka na ranar yake, kada ka wuce sai ka gano dalili. Sau ɗaya a mako ka nemi wani, ko da bai san komai a fannin ba, ka yi masa bayanin abin da ka rubuta da baki. Inda harshenka ya sarƙe, nan ne ba ka gane ba tukuna.

Na uku shi ne takardar dubawa, kuma a nan zan daɗe, don shi ne abin da masu koyo suka fi rainawa. Ranar 30 ga Oktoba 1935, a filin jirgin Wright da ke jihar Ohio, sojojin Amurka suna gwajin wani sabon jirgin yaƙi na Boeing, samfurin 299. Jirgin ya tashi, ya miƙe sama, ya faɗo ya kama da wuta, mutum biyu suka rasu sanadin haka, har da matuƙin, Manjo Ployer Hill, wanda ƙwararre ne. Bincike ya nuna an manta ba a cire wani makulli da ke riƙe sassan sarrafa jirgin idan yana ajiye a ƙasa ba. Maganin da matuƙan suka samo ba ƙarin horo ba ne, ɗan gajeren jeri ne na abubuwan da za a duba kafin tashi da kafin sauka. Samfurin jirgin nan shi ne daga baya ya zama shahararren jirgin jefa bam na B-17. Ƙwarewa ba ta hana mantuwa, shi ya sa ake rubutawa.

Tawa takardar tana manne a gefen allona, kuma kowane layi a cikinta akwai labarin da ya haife shi. Layin farko: me zai faru idan ba a shigar da komai ba, ko aka shigar da sifili, ko lambar da ta wuce ƙima? A ranar 4 ga Yuni 1996 rokar Ariane 5 ta Turai ta tarwatse ƙasa da minti ɗaya da tashinta, saboda an yi ƙoƙarin cusa wata lamba mai gurbi 64 (gurabun sifili da ɗaya da kwamfuta ke ajiye lamba a ciki) a cikin mazubi mai gurbi 16, ta ƙi shiga. Wannan ɓangaren manhajar daga Ariane 4 aka ɗauko shi, inda ya yi aiki lafiya saboda waccan rokar ba ta kai lambar ga wannan girma. Daga nan layi na biyu ya fito: abin da na aro daga wani aiki, da wane zato aka rubuta shi? Layi na uku kan ma'auni ne. A 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbonta da ta aika duniyar Mars don nazarin yanayi, saboda wani ɓangare na manhajar yana ba da lissafin ƙarfin tunkuɗa da ma'aunin fam, wani yana karɓa a matsayin ma'aunin Newton. Saboda haka duk lambar da na rubuta sai na sa ma'auninta a cikin sunanta, ko sakan ne ko mita.

Layi na huɗu shi ya fi taɓa ni. Ranar 25 ga Fabrairu 1991, lokacin yaƙin Tekun Fasha, na'urar kakkaɓo makamai ta Patriot da ke Dhahran a Saudiyya ta kasa tare wani makami mai linzami na Scud, ya faɗa kan masaukin sojojin Amurka ya kashe 28. Na'urar tana ƙirga lokaci da kashi ɗaya cikin goma na sakan. Wannan lamba, 0.1, ba ta rubutuwa daidai a lissafin kwamfuta na sifili da ɗaya, sai an datse wutsiyarta, kuma gurbi 24 kawai aka ba ta. Ɗan abin da ake datsewa bai kai a kula da shi ba a sa'a ɗaya ko biyu. Amma na'urar ta yi kusan sa'a 100 a kunne, kuskuren ya taru ya kai kimanin kashi ɗaya cikin uku na sakan, kuma a wannan ɗan lokaci Scud yana cin fiye da rabin kilomita. Na'urar ta duba inda makamin ba ya nan. Gyararriyar manhajar ta iso washegari. Buɗe Python yanzu ka rubuta 0.1 + 0.2, za ka ga 0.30000000000000004. Ina sa kowane ɗalibi ya yi wannan da hannunsa, don gani ya kori ji. Layin da ke takardata yana cewa: idan wannan abu ya yi mako yana aiki ba a kashe shi ba, me ke taruwa a cikinsa? Kada takardarka ta wuce layi bakwai ko takwas, in ta yi tsawo za ka daina karanta ta.

Na huɗu, bita bayan aiki. Sojojin Amurka sun tsara wannan tun shekarun 1970: bayan kowane atisaye a zauna a amsa tambayoyi huɗu. Me aka yi niyyar ya faru? Me ya faru a zahiri? Me ya kawo bambancin? Me za a yi dabam a karo na gaba? Ƙa'idar zaman ita ce ba neman mai laifi ake yi ba, kuma ƙaramin soja yana da bakin faɗin abin da ya gani ko da ya shafi na sama da shi. Duk lokacin da kuskure ya ci maka fiye da sa'a ɗaya, amsa tambayoyin nan a rubuce, jimla bibbiyu sun isa. Bayan wata biyu ka karanta littafin daga farko. Za ka tarar kurakuranka ba su da yawa, iri uku ne ko huɗu suke dawowa da sabuwar riga, kuma su ne za su zama layukan takardar dubawarka.

Akwai abin da ban yarda a shigo da shi aji daga bariki ba: tsawa, da muzanta mai koyo, da biyayyar da ba tambaya a cikinta. Na taɓa zama ƙarƙashin wani malami da ke karanta kuskuren ɗalibi a gaban kowa don a yi dariya. Abin da muka koya a wurinsa shi ne ɓoye kuskure, kuma a wannan sana'a kuskuren da aka ɓoye shi ne ke yin ɓarna. Har yau abin yana ci mini rai idan na tuna waɗanda suka bar fannin saboda shi, alhali suna da basira. Ko a cikin soja ma waɗanda suka yi fice a fasaha masu tambaya ne. Grace Hopper, jami'ar sojan ruwan Amurka da ta yi aiki a kan kwamfutar Mark I a 1944 kuma aikinta ya share hanyar harshen COBOL, ba ta ji kunyar cewa ba ta gane girman kashi ɗaya cikin biliyan na sakan ba. Ta nemi injiniyoyi su yanko mata shi ta gani, suka kawo mata waya mai tsawon kusan santimita 30, iyakar tafiyar da haske ke yi a wannan lokaci. Ta riƙa raba irin wayar a wuraren laccarta don mutane su riƙe da hannu. Idan kana neman malami ko makaranta, duba yadda suke karɓar tambaya. Wanda ya gaya maka abin da ake so a cimma da dalilinsa, ya bar ka ka nemo hanya, sannan ya zauna ya duba aikinka, shi za ka bi.

Saura labaran fasaha, waɗanda ke cinye lokacin masu koyo fiye da komai. Kowane mako za ka ji an ce wani sabon abu ya fito, wanda ka fara koyo ya mutu. Harshen C tun farkon shekarun 1970 yake, Python tun 1991, kuma har yau da su ake aiki. Ka karanta labari yadda jami'in tattara bayanai ke karanta rahoto. Sojojin ƙawancen NATO suna ba rahoto maki biyu dabam-dabam: harafi daga A zuwa F don amincin majiyar, lamba daga 1 zuwa 6 don ingancin bayanin kansa. Yi haka a ranka. Wa ya faɗa, kamfanin da ke sayar da abin ne ko wanda ya gwada shi? Akwai wata majiya dabam da ta tabbatar? Ni rana ɗaya na ware a mako don labarai, sa'a ɗaya, kuma rabin sa'ar a kan rahotannin abin da ya lalace nake kashe ta, don sun fi sanarwar sabon kaya koyarwa.

Misali, a ranar 19 ga Yuli 2024 wani sabuntawa da kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya tura ya durƙusar da kwamfutoci masu Windows kimanin miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, ayyukan asibitoci da bankuna suka tsaya. Kanun labarai sun tsaya a kan girman ɓarnar. Ka wuce kanun, ka nemo bayanin da kamfanin ya fitar, ka bi shi da tambayoyi huɗun nan na bita kamar kai abin ya faru da shi. Za ka ga an tura sauyin ga kowa a lokaci guda, maimakon a fara da kaɗan a ga yadda za su yi. Da na gama karantawa a wancan mako, na ɗauko takardata na ƙara layi a ƙasa: kafin na tura wa kowa, na gwada a kan na'ura ɗaya tukuna, kuma na san yadda zan janye shi?