Idan manajan gidajen haya ya fara tsaki

'Yan uwa masu ofishin kula da gidajen haya, ku riƙa duba fuskar manajanku. Namu wayarsa ba ta hutawa: ƙarfe ɗayan dare ɗan haya ya kira wai famfo ya fashe, da asuba mai gida yana neman kuɗinsa. Sai ya koma faɗa da tsaki. Yaran ofis suka daina kai masa ƙorafi, har sokawe ya cika, sati biyu ba wanda ya iya buɗe baki. Mai karɓar kuɗinmu ma ya ajiye aiki.

Mun sayi layi ɗaya na ƙorafi, ana karɓa-karɓa duk mako, muka tilasta masa hutu. In za ku yi wa naku manajan magana, ku ja shi gefe, ba gaban yara ba.