Yadda Za Ka Kare Hannunka Daga Cin Siminti

Sai da na shekara tara ina aikin gini kafin hannuna ya fara tsagewa. Da fari kaushi ne kawai, sai ƙaiƙayi da daddare, daga baya tsakanin yatsuna ya dinga fitar da ruwa. Likitan fata ya manna mini 'yan filastoci a baya, suka kwana biyu, da ya cire sai ya ce jikina ya ƙi sinadarin kuromiyam da ke cikin siminti. Wanda abin ya kama, da wuya ya rabu da shi. Saboda wannan sinadarin ne Tarayyar Turai ta hana sayar da simintin da nau'in kuromiyam mai cutarwa a cikinsa ya wuce kashi 2 cikin miliyan, tun 2005.

Ban da wannan, jiƙaƙƙen siminti yana ƙona fata. Ƙarfinsa a ma'aunin pH, wanda ake gwada kaifin sinadari da shi, yana kai 12 zuwa 13, wato yana da kaifi sosai, kuma ba ka jin zafi a lokacin, sai bayan sa'o'i ka ga wurin ya sale.

Kafin ka taɓa kwaɓi, cire zobe da agogo, don a ƙarƙashinsu yake maƙalewa. Ka sa safar hannu ta roba mai kauri, irin ta nitrile. Ta auduga ko ta fata tsotse ruwan take yi ta riƙe maka shi a hannu wuni guda. Ka wanke hannu ya bushe kafin ka zura shi, in ta huje ka canza. Dogon takalmin roba kuma, ƙafar wando ta sauko ta rufe bakinsa. Kada ka durƙusa a kan ɗanyen kankare sai da abin tare gwiwa da ruwa ba ya ratsawa.

Idan siminti ya taɓa ka, cire rigar da ta jiƙe nan take, ka wanke wurin da ruwa mai tsafta. In ya fara ƙuna, ruwan ya yi ta zuba minti 20, sannan ka nufi asibiti.

Abin da ya fi damuna shi ne in ga yaran aiki suna wanke hannu da fetur ko kananzir. Ni ma na yi. Maiƙon da ke kare fata suke kwashewa, su bar ta a buɗe. Sabulu marar ƙarfi ya isa. Man shafawa kuwa sai hannu ya fita tas, domin in ka shafa a kan ragowar siminti, rufe shi ka yi a jikinka.

Ƙaiƙayin da ke lafawa ranar hutu ya dawo ranar aiki, ka kai wa likita, ka faɗa masa sana'arka tun kafin ya tambaya.