In an yi wa naki aikin rage tumbi, ga yadda za ki bi kitsen jininta

Da Yaya ta dawo daga Alƙahira, an yanke mata kusan kashi 80 cikin 100 na tumbinta, ni aka bar wa jinya a ƙauyenmu kusa da Birnin Kudu. Wata uku ta zube, zannuwanta suka yi mata yawa, ta ce ai ta rabu da ƙwayar maganin kitsen jini. Na hana.

Kitse ba ya gauraya da jini, kamar man gyaɗa ne a ruwa, sai wasu furotin sun goya shi. A takardar awo za ki ga LDL, shi ke kai kitsen ya liƙe a bangon jijiya har hanyar zuciya ta tsuke. HDL kuwa kwasowa yake yi ya mayar hanta. Akwai kuma TG, wani nau'in kitsen jini wanda zaƙi da ƙiba ke hurawa.

Fara da adana takardar awon da aka yi kafin aikin. Tamu tana cikin leda a ƙasan akwati, don da ita ake kwatanta sababbi. Ranar awo, a kwana ba a ci komai ba awa 9 zuwa 12, ruwa kawai. Mu sai mu yi sammako mu shiga gari, kokonta yana cikin fulas sai an ɗebi jini.

Kada ki ɗaga hankali da awon farko. TG ne ke saurin sauka. HDL mai nawa ne, yakan ɗauki watanni kafin ya hau. LDL kuma taurin kai gare shi, musamman a irin aikin Yaya na yanke tumbi. Aikin da ake karkatar da hanji ya fi sauko da shi. Shi ya sa ramewa kaɗai ba ta isa a ajiye atobastatin, wato maganin kitsen, ko maganin hawan jini ba, sai likita ya duba ya rage da kansa.

Babban yaƙin da 'yan dubiya ne. Kowa ya shigo sai ya ce, "Wayyo Hajiya, kin lalace!" ya dire ƙwaryar fura da sukari, ko tuwo yana ninƙaya a man shanu. Ki karɓa ki yi godiya, ki ba yara. Ita dai in za ta ci abinci, a fara mata da alale, ƙwai, kifi ko nono marar sukari, 'yan cokula kaɗan, a tauna sosai. Ruwa sai bayan rabin awa. Kar a yi sakaci da bitamin B12 da maganin ƙarin jini.

Bayan la'asar nakan ja ta mu taka zuwa bakin fadama mu dawo. Da farko a gindin tsamiya take tsayawa tana haki, yanzu ni ce ke cewa, "Yaya, jira ni."