Darasi na 7: Rage Tsayin Gaban Dogon Babur

Akwai wani irin babur da aka ƙera don ya bi kwalta, ya kuma shiga daji. Tun daga nesa ake gane shi. Dogo ne, siriri, tayar gabansa babba ce mai inci 21 ko 19, marfin tayar kuma yana can sama kusa da fitila. Irinsa ne Yamaha AG200 da DT125 da Honda XR150L, sai manyansu kamar Suzuki DR650 da Honda XR650L. A wajenmu malaman gona da ma'aikatan riga-kafi ne suka fi hawansa, domin ƙauyukan da suke zuwa ba kowanne mota ke shiga ba.

Abin da ke damun mutane da shi tsawo ne. Daga ƙasa zuwa sirdin DR650 santimita 88 da rabi ne. Na XR650L ya kai 94. Wanda ya saba da Boxer ko Jincheng, inda yake dire ƙafafunsa biyu ya zauna daram, ranar da ya hau irin wannan sai ya ji shi yana ɗage a kan 'yan yatsu. In ya tsaya inda ƙasa ta ɗan zurma, babur ya rinjaye shi. Daga nan sai ya nufi wurin bakanike ya ce, "Maigida, a rage mini tsayinsa." Buƙatarsa gaskiya ce, ba abin kunya ba. Sai dai hanyar da aka fi saurin bi tana canza halin babur fiye da yadda take rage tsayinsa, kuma wannan darasin a kan haka yake.

Yadda ake sauke gaba

Ka tsaya a gaban babur ka duba. Tayar gaba tana tsakanin ƙafafu biyu na ƙarfe. A cikin kowace ƙafa akwai sifirin da mai, su ne ke shanye jijjigar hanya. Can sama akwai mariƙai biyu, na sama da na ƙasa, waɗanda suka matse ƙafafun da kusoshi suka haɗa su da wuyan babur. Idan bakanike ya sassauta kusoshin nan, babur yakan zame ƙasa, kawunan ƙafafun su leƙo ta saman mariƙi. Sai ya sake ɗaurewa. Shi ke nan an sauke gaba, ba a sayi komai ba, ba a yanke komai ba. Sauƙin nan ne ya sa ake yawan wuce gona da iri.

Me ke sa babur ya miƙe da kansa?

Kowa ya taɓa ganin yaro yana tura keke ta sirdi, bai riƙe kansa ba, keken kuma yana tafiya sak. Abin da ke riƙe kan keken shi ne ke riƙe kan babur.

Ka kalli babur ta gefe. Wuyansa ba a tsaye cak yake ba, ya kwanta baya, ƙafafun sun miƙa gaba. A irin waɗannan babura kwanciyar takan kai digiri 27 ko 28. Yanzu ɗauki dogon kara miƙaƙƙe ka daidaita shi da wuyan babur, ka sauke shi har ya taɓa ƙasa, ka sa alama da alli. Sai ka sa wata alamar a inda taya ta taka ƙasa, daidai ƙarƙashin gindin tayar. Za ka ga alamar kara tana gaba, ta taya tana baya. Abin da ke tsakaninsu za mu kira shi tazarar gaba. A DR650 kusan santimita 11 ce.

'Yar tazarar nan ita ce kwanciyar hankalin babur. Da yake taya tana bayan layin da take juyawa a kansa, jan ta ake yi, kuma abin da ake ja bin mai jansa yake yi. Idan dutse ya buge ta ta karkace, tafiyar da kanta ke mayar da ita tsakiya. In tazarar tana da yawa, babur ya miƙe sosai amma ya yi nauyin juyawa. In ta yi kaɗan, ya yi saurin juyawa amma ya rasa natsuwa. Masu ƙera babur sun zaɓi adadin da suka ga ya dace da nauyinsa da gudunsa.

Da ka sauke gaba ka bar baya yadda yake, babur ya sunkuya. Wuyansa ya ƙara miƙewa tsaye, alamar kara ta matso kusa da ta taya, tazara ta ragu.

Mu yi lissafi

A ce an sauke gaban DR650 da santimita 3. Tsakanin tayarsa ta gaba da ta baya santimita 149 ne. Saukewar nan za ta rage kwanciyar wuya da kusan digiri 1, ta cinye sama da rabin santimita daga tazarar gaba. A takarda kamar ba komai ba ne. A hannu kuwa za ka ji shi tun kwanar farko. Masu tseren babur da rabin santimita kawai suke motsa ƙafafun nan, kuma suna jin bambanci. Shi ya sa wasu kamfanoni ke zana layuka a saman ƙafafun don a riƙa aunawa.

To me ka samu? Sirdi ba a kan tayar gaba yake ba, ya fi kusa da ta baya, ita kuma ba ta motsa ba. Saboda haka santimita 3 a gaba ba za su ba ka fiye da kusan santimita 1 a inda kake zama ba. Wanda ƙafarsa ba ta kai ƙasa da santimita 5, har yanzu ba ta kai ba, ga shi kuma babur ya zama wani daban. Ni a ganina wannan ciniki ne na faɗuwa.

Abin da za ka ji a hanya

A cikin gari, a hankali, za ka ji daɗinsa. Kai ya yi sauƙi, babur yana faɗawa kwana da kansa, ratsa lunguna da kasuwa ya zo da sauƙi. A busasshiyar ƙasa mai tauri tayar gaba takan ƙara kama hanya, domin nauyi ya ƙaru a kanta. Wannan daɗin ne ke yaudarar mutane su ce gyara ya yi.

Ka fita bayan gari ka buɗe wuta, labari ya canza. Babur ba ya son tsayawa kan layi ɗaya, kullum kana gyara shi. Idan ka hau gargada a hanyar burji, ko ka faɗa ƙaramin rami da gudu, kan babur na iya fara kaɗawa dama da hagu da sauri har ya nemi ƙwacewa daga hannunka. In hakan ta same ka, kada ka damƙi birkin gaba, kada kuma ka yi kokawa da kan. Ka matse tanki da gwiwoyi, ka riƙe da kyau ba tare da sandarewa ba, ka rage mai a hankali har ya lafa. Sannan ka sauka gefen hanya ka duba.

Birki ma yana ƙara abin. Duk sanda ka kama birkin gaba ƙafafun sukan nutse, tazara ta ƙara raguwa na ɗan lokaci. Babur da aka riga aka sunkuyar ba shi da rarar da zai bayar, musamman a gangara.

Inda abin ya fi muni shi ne rairayi, kuma mu a nan rairayi ba baƙo ba ne. Duk wanda ya bi hanyoyin ƙauyukan Damagaram, ko na arewacin Jigawa da Yobe, ko ya ratsa busasshen rafi da rani, ya san tayar gaba so take ta yi iyo a saman yashi. Sai ka ja jiki baya, ka riƙe mai daidai, gaba ya yi sauƙi. Babur mai sunkuyayyen gaba akasin haka yake yi. Tayar tana huda yashi tana nutsewa, ta lanƙwashe gefe guda ba shiri, mahayi ya wuce ta saman kai. Mai ɗauke da akwatin allurar riga-kafi a baya ba shi kaɗai ya yi asara ba.

Haɗarin da ba a gani a tsaye

Ƙafafun gaban DR650 suna iya nutsewa har santimita 26. Kamfani ya bar wa taya fili daidai da haka. In ka sauke babur da santimita 3, ka kusanto da marfin taya da mariƙin ƙasa zuwa ga tayar da santimita 3, alhali nisan nutsewarta bai ragu ba. Ranar da ka daki babban rami, taya za ta iya kaiwa ga marfi kafin ƙafa ta gama nutsewa. Tayar gaba da ta maƙale ana cikin gudu ba ta ba da lokacin tunani.

Ga yadda za ka gane. Leƙa ƙarƙashin marfin da tocila. In ka ga baƙin zane mai sheƙi, ko roba ta goge ta yi santsi a tsakiya, taya tana taɓawa. Kafin a kai ga haka ma, ka sa bakanike ya ɗora injin a kan kututture, ya buɗe murafun saman ƙafafun don sifirin ya saki, ya tura taya sama har ƙarshe. A nan ya kamata a ga fili, aƙalla yatsa ya shiga ko'ina, har da lokacin da aka juya kai dama da hagu. Ka tuna da damina laka na taruwa a wurin.

Sauran ƙananan abubuwa ma a duba su. Cikin babur ya matso ƙasa, dutse zai fi samun injin. Fitila tana haska kusa. Tiyon birki da wayar mita sun yi sako-sako, kada su shafi taya. Kawunan ƙafafun kada su tokari hannun babur. Sandar jingina ta yi masa tsawo, zai tsaya cak, iska ko yaro ya ture shi ta dama.

Hanyar da ta fi

Ka fara da abin da bai taɓa tafiyar babur ba. Mai ɗinkin kujeru zai iya rage soson sirdi da santimita 2 ko 3, ya kuma fere gefensa na gaba don cinyoyi su sauka a miƙe. Sau da yawa faɗin sirdi ne ke hana ƙafa kaiwa. Ka koyi tsayawa da ƙafa ɗaya: zame jiki hagu, dire ƙafar hagu gaba ɗaya, ta dama tana kan birki. Haka gajerun mahaya da yawa ke yi da manyan babura. A duba sifirin na baya kuma. Idan ka zauna, ya kamata babur ya nutse kusan kashi ɗaya cikin uku na iyakar nutsewarsa. Wani an matse masa sifirin ne fiye da nauyinsa.

In duk wannan bai isa ba, a sauke gaba da baya tare, gwargwado ɗaya, don babur ya zauna a kwance yadda aka ƙera shi. Suzuki da kansu haka suka tsara wa DR650 tun samfurin 1996: ana sauya wa wani ƙarfe wuri a cikin ƙafafun gaba, a mayar da kusar sifirin baya wani rami, a sa gajeriyar sandar jingina, sirdi ya sauko da santimita 4. Lura da cewa nisan nutsewar ma an rage shi, don haka taya ba ta kai ga marfi. Sauke baya shi kaɗai ma kuskure ne. Gaba zai yi sauƙi da yawa, babur ya ƙi shan kwana, ya riƙa buɗewa waje.

Kada ka yarda a yanke sifirin da zarto, ko a zubar da man ƙafafu wai don babur ya yi ƙasa. In za a zame ƙafafun, a yi rabin santimita, a gwada, sannan a ƙara in da hali. A auna da rula daga saman mariƙi, dama da hagu su zo daidai. Kusoshi a ɗaure su da ƙarfin da littafin babur ya faɗa. In sun yi sako ƙafa ta zame, in an matse na ƙasa fiye da kima ƙafa na iya cijewa. Kafin a taɓa komai, rubuta awon farko a takarda ka adana, domin in gyara bai yi ba ka san inda za ka koma. Gwaji kuwa da hular kwano, a hanyar da ba mutane, ba kaya ba goyo, kana ƙara gudu kaɗan-kaɗan.

Aikin aji

A shigo da babur ko keke harabar aji. Mutum biyu su riƙe shi a tsaye, ɗaya ya sa alamomin nan biyu da alli, ya auna tazarar ya rubuta a allo. Sai a ɗora tayar baya a kan bulo, abin da ya yi daidai da sauke gaba, a sake aunawa. Kowa ya rubuta lambobin biyu a littafinsa, ya cire ƙaramar daga babbar.

Sannan a amsa wannan a rubuce: sirdin wani babur santimita 88 ne. An rage soso da santimita 3, an kuma sauke gaba da baya tare da santimita 4. Nawa ne tsayin sirdin yanzu, kuma waɗanne abubuwa uku ne za a duba kafin a hau?