Kurakuran da ake tafkawa in an je zagaya Daura da ƙafa lokacin hunturu

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu ne mutum zai iya taka garin Daura da ƙafa rana ba ta gasa shi ba, shi ya sa ɗalibai da masu son tarihi suka fi zuwa da hunturu. Sai dai yawanci abin da ake yi guda ne, a sauka daga mota, a nufi rijiyar Kusugu, a ɗau hoto, a kurɓi ruwan, a juya gida a ce an ga Daura. Toh gaskiya ba a gani ba.

Bari mu fara da lokacin fita don nan aka fi yin shirme. Wasu saboda zumuɗi tun ƙarfe shida sun fito, alhali a Disamba da Janairu wannan lokacin hazo ya rufe gari, kowa na ƙudundune a ɗaka ko yana jin wuta, dattijon da za ka tambaya bai fito ba, hotonka ma fari fat zai fita. Wasu kuma sai sun yi barci sun more su fito sha biyu, sun manta ranar hunturu ma da tsaka tana da cizo. Ka fito wajen takwas da rabi zuwa tara in hantsi ya ɗaga, ka yi tafiyarka zuwa azahar, ka huta, bayan la'asar ka ƙarasa sauran, kuma ka tuna magariba na saurin yi a wannan lokacin. In ranar Juma'a ce kuwa ka gama da kewayen fada da babban masallaci da wuri kafin a fara taruwa.

Babban kuskuren dai shi ne mutum ya ɗauka tunda ba ɗan rakiya ya ɗauko ba, to ba ruwanshi da kowa, daga shi sai wayarshi. Wallahi Google Maps ba ta san lungunan tsohon gari ba, za ta nuna maka titi da sunan wuri amma ba za ta faɗa maka wane zaure ne na wane basarake ba, ko wace unguwa ce ta maƙera, kuma sau da yawa layin da ta ce ka bi sai ka ga ya ɓulle da kai ƙofar gidan mutane inda aka rubuta ba shiga. Gyaran mai sauƙi ne, sallama. Ka tarar da dattawa a dakali ka tsaya ka rusuna, Baba ina kwana, ya sanyi, ya iyali, sai ka gama gaisuwa tsaf sannan ka ce baƙo ne kai ka zo ganin gari. Wanda ya dira da tambaya kai tsaye amsar a taƙaice yake samu. A ƙofar fada, wato Kangiwa, dogarai za ka fara yi wa magana, kar ka kutsa, in an ce cire takalmi ka cire, in an ce nan ne iyakarka toh nan ne. Mai kula da rijiya da yaron da ya nuna maka hanya kuma ka tanadi 'yan canji na goro, kar ka tsaya cewa sai taransifa.

Sai maganar tarihin kanshi. Kowa ya haddace labarin Bayajidda, macijiyar da ake kira Sarki da ta hana ɗibar ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a, baƙon da ya sare mata kai da dare, auren sarauniya Daurama, haihuwar Bawo, har zuwa Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. Anan mutane kashi biyu ne kuma duk suna kuskure. Akwai masu tsayawa a wannan labarin kamar daga shi tarihin Daura ya ƙare. Akwai kuma 'yan boko da za su tsaya bakin rijiya suna musu da tsoho wai ai tatsuniya ce, ina hujja. Malam ba gardama ta kawo ka ba, ka saurara ka rubuta yadda aka faɗa maka, in ka tambayi mutum na biyu ka ji ya bambanta ka rubuta shi ma, tantancewar ka bari sai ka koma gida. Kuma ka tambayi abin da ya biyo baya, don nan ne labarin ke da daɗi a ganina. A 1805 lokacin jihadi Malam Ishaku ya karɓe garin, sarakunan Haɓe suka fice suka riƙe sarautarsu a wurare irin su Zango da Baure, sai a 1904 Turawa suka dawo da Malam Musa kan gadon Daura. Ba kowace masarauta ce aka mayar wa tsohon gidan sarautarta haka ba. In ka san wannan kafin ka zo, tambayoyinka za su yi nauyi, dattijo ma zai gyara zama ya ba ka labari sosai.

Wani abu kuma, a daina tafiya ido na kan waya. Ɗaga kai ka kalli zankwaye a saman soro, azara a rufin zaure, katangar tubali da aka shafe da makuba, irin waɗannan gine-ginen kullum raguwa suke ana rushewa ana sa bulo da kwano. In ka ci karo da ragowar tsohuwar katanga ko ganuwa kar ka hau don ɗaukar hoto, ƙasa ce, zubewa take. Hoton mata, yaran mutane, maƙabarta da ofishin jami'an tsaro kuwa, ko dai ka nemi izini ko ka mayar da wayar aljihu.

Kayan jiki ba sai an ja ba. Takalmi rufaffe da safa, silifas kaushi zai jawo maka. Man kaɗanya ko basilin na leɓe da ƙafa, takunkumi saboda ƙura musamman mai asma, rigar sanyi mara nauyi da za ka iya cusawa a jaka in rana ta yi. Ruwa kuma ka dinga sha ko ba ka ji ƙishi ba, iskar hunturu busar da mutum take a ɓoye.

Masu zuwa a Disamba da niyyar ganin hawan Gani, wato hawan dawakin da masarautar Daura ke yi duk shekara, su ma sun yi lissafi ba daidai ba. Sallar Gani watan Rabi'ul Awwal take bi, duk shekara tana matsowa baya da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka, a 2025 ma a Satumba ta faɗo, don haka ka duba kalandar Musulunci kafin ka sa rana.

Sai haɗama, mutum ya ce a wuni ɗaya zai yi Daura, ya leƙa Tsohon Birni inda aka ce nan ne mazaunin farko kafin Daurama ta dawo da gari nan, ya je kasuwar Mai'aduwa, ya ƙare a hasumiyar Gobarau a Katsina. Tsohon Birni wajen gari yake, sai da mashin ko mota, kasuwar Mai'aduwa kuma Lahadi take ci. Ka ware wa kowanne ranarshi, ka tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki kafin ka tashi, kuma ko yaya ne kar ka yi tafiyar dare.